Amsoshin tambayoyinku kan injin Homa mai fetur

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan bas ɗin haya suka taru, musamman Toyota Hayis ɗin nan da ake kira Homa a tasha. Ga waɗanda na zaɓa.

Wani malamin makaranta daga Gusau ya ce: "Na karɓi kuɗin sallamata, ina son in sayi Homa in sa ta hanyar Gusau zuwa Kano. Dillali ya ce injinta ba ya mutuwa. Gaskiya ne? Kuma mai fetur zan ɗauka ko mai gas?"

Malam, Allah ya sanya albarka a kuɗin. Injin da dillalin ke yabo shi ne 2TR-FE, wanda Toyota ta ɗora wa wannan samfurin Hayis tun fitowarsa a 2004. Silinda huɗu ne a jere, lita 2.7, bawul 16. Gangar jikinsa zubin ƙarfe ce, kansa kuma alminiyam. Ƙarfinsa tsakanin doki 150 ne zuwa 160, gwargwadon shekara da motar da aka sa shi. Sarƙa ce ke juya tamin ɗinsa, don haka babu fargabar bel ya tsinke maka a tsakiyar daji. Shi ne dai a cikin Hilux mai fetur da Prado mai ƙaramin inji, shi ya sa kayansa ba sa wuya a kasuwannin Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas.

Doki 150 a inji mai wannan girman kaɗan ne, kuma da gangan ne. Ba a matse shi ba, shi ya sa yake daɗewa. Amma yana shan mai, musamman idan an cika kujeru, an danne but da buhuna, an kunna sanyi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tankinta lita 70 ne, ka buga da farashin lita a garinku, ka tambayi direbobin layin nawa suke zubawa a sawu ɗaya, sannan ka yi lissafin balas. Lissafin da aka yi kafin Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, ya riga ya mutu.

Mai gas, wato 5L mai lita 3 ko 2KD mai lita 2.5, ta fi tsimin mai a doguwar tafiya. Sai dai 2KD ba ta yafe gurɓataccen gas, kuma kuɗin injektocinta kaɗai kan kwantar da mota. Tunda wannan ce motarka ta farko, ɗauki mai fetur. Ka je ganinta da sassafe, a tayar da ita a gabanka tana sanyi. Ka ɗaga kujera, ka buɗe murfin mai ka leƙa: in ka ga baƙin dasƙararren abu kamar kwalta, ka yi musu sallama. Kada ka yarda da lambar maleji, juya ta ake yi. Zancen "ba ya mutuwa" kuwa, karanta wasiƙar Hajiya a ƙasa.

Wani matashi daga Kaduna: "Homata ba ta wuce 140 idan da lodi. Me za a yi wa injin ta riƙa kure maleji?"

Babu abin da za a yi masa, kai ne za a yi wa. Dokar hanya ta ba bas kilomita 80 a awa a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya, kuma tun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ke tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Mota ce doguwa mai tsawon kai, ƙafafunka ne a gaban komai, mutum goma sha takwas a bayanka, taya kuma wataƙila ta gwanjo. Ka sake rubuto mini da wata tambayar.

Wani direba daga Azare: "Bakanikena ya ce in cire tamostat saboda ƙasarmu da zafi."

Wannan injin yana aiki a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsa a ciki, wato ɗan bawul ɗin da ke daidaita ɗumin inji. Idan aka cire, injin ya daɗe bai ɗau ɗumin aikinsa ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara masa fetur, kai kuma ka yi ta zagin gidan mai. In motar na zafi, a duba lagireto ko ƙura ta toshe shi, a duba fanka da famfon ruwa da murfin lagireton. Kuma ka daina ɗura mata ruwan burtsatse. Yana barin tsatsa da farin gishiri a cikin hanyoyin ruwa, ranar da ta tafasa kan alminiyam ɗin nan ya lanƙwashe, gasket ya ƙone. Ruwan sanyaya inji na gaskiya, ruwan hoda na Toyota ko makamancinsa, bai kai kuɗin gasket ba.

Wata baiwar Allah daga Zariya: "Da gadon marayuna na sayi Homa na ba direba. Ba ta shekara ba ya ce inji ya buga. Kullum ina ba shi kuɗin juye a kan lokaci. Ba na iya barci. Mummunar mota aka sayar mini, ko cutata ake yi?"

Hajiya, Allah ya jiƙan maigidan, ya raya yaran. Ki kwantar da hankalinki, ba ki yi wauta ba, kin sayi motar da kowa zai ba ki shawarar saye. Kuma bugun inji ba shi ne ƙarshen mota ba. Gangar injin nan ana gyara ta, ana wanke karanshaf, a sa sabon metal da ringi. Kafin ki biya ko sisi, ki sa wani ɗan'uwanki ya kawo bakanike na biyu a kwance tukunyar man da ke ƙasan injin a gabansa. Abin da za a tarar a ciki shi zai faɗi gaskiya. Kada ki riga ki zargi direban, don mai yiwuwa shi ma cutarsa aka yi a shago.

Inda zargina ya fi karkata shi ne man juyen, kuma a nan masu karatu za su yi mini haƙuri, don abin ya daɗe yana ci mini rai.

Tsofaffin injina irin 1RZ da 2RZ na Hayis ɗin da, su ne suka koya wa mutane sakaci, don kusan duk abin da aka zuba musu haɗiyewa suke yi. Wannan ba haka yake ba. Yana da VVT-i, tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul, kuma matsin mai ne ke sarrafa shi ta wasu ƙananan ƙofofi da 'yar rariya a bakinsu. Na 2015 zuwa sama ma a ɓangare biyu yake da shi. Tazarar bawul ɗinsa mai ne ke daidaita ta, abin da ke ɗaure sarƙar tamin ma da mai yake aiki. Ka zuba masa jabu, sai ya fara da ƙarar ƙaf-ƙaf da safe, sai fitilar inji ta kama, sai ƙarfi ya ragu, daga nan datti ya toshe matatar famfon mai, metal ya bushe. A ranar sai a ce "haka kawai ya buga". Babu injin da ke bugawa haka kawai.

Ina jabun ke fitowa? Daga garejojinmu. Baƙin man da aka juye daga wata motar ake tarawa a duro, a tace shi sama-sama, a gyara masa launi, a ɗura a galan na sanannen kamfani, a liƙe baki. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irinsa, amma kasuwar ba ta mutu ba saboda mu ne masu saye, mu ne kuma masu ba su galan. Duk wanda ya gama juye ya bar wa yaran gareji lafiyayyen galan, ya taimaka wa sana'ar. Ka huda shi da wuƙa kafin ka tafi.

Sannan ga masu sayen man awo a kwalba a bakin hanya don cikon inji. Mutum ya zuba miliyoyi a mota, ya tsaya yana cinikin ragin naira dubu biyu a kan abin da ke riƙe da ran motar! Haka filta: ta jabu fenti da rubutu duk iri ɗaya da ta gaskiya, amma ka ɗaga ka ji ta fayau, takardar ciki 'yar kaɗan, wani lokaci ba ta da bawul ɗin da ke hana mai sauka idan an kashe mota. Kowace safiya injin zai tashi a bushe na ɗan lokaci. Fulogi ma bai tsira ba, an cika kasuwa da kwalaye masu sunan Denso da NGK waɗanda ba su taɓa ganin Japan ba.

Wani kuskuren kuma, ƙirga juye da wata. Motar gida ce ake yi wa haka. A ƙurarmu da zafinmu, kilomita 5,000 ya isa. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, ke nan sawu shida zuwa da dawowa an cinye wa'adin. Mai jiran ƙarshen wata na biyu ya ninka shi ba sau ɗaya ba. Kuma ba kauri ne ingancin mai ba. Direbobi na son su shafa a yatsa su ji danƙo, sai su ce 20W-50 ne mai. Ga injin da bai tsufa ba, 5W-30 ko 10W-30 shi ne daidai, mai kaurin sai wanda ya riga ya gaji yana hayaƙi.

To Hajiya, bayan gyara, kada ki ƙara ba da kuɗin juye. Mai za ki bayar. A saye shi a gidan man kamfanin da ke yin sa ko wurin babban dilansu, da rasit, lita shida ta isa har da ɗan ragowa. A juye a gaban mutuminki, a rubuta maleji da kwanan wata a littafi. Ki kuma shaida wa direban cewa duk ranar da jar fitilar mai ta kama, ya kashe mota nan take ko da fasinja za su yi masa ihu, ba za ki cire masa balas ɗin ranar ba. Da yawa tsoron balas ne ke sa su lallaɓa har tasha. In gyaran ya gagara sai an sayi injin Beljiyam, a sayo da sharaɗin gwaji a rubuce, a kuma buɗe murfin samansa a gani kafin a biya.

Wani Alhaji daga Suleja: "Injin zai ɗauki iskar CNG?"

Zai ɗauki wannan matsattsiyar iskar gas da ake sa wa mota maimakon fetur, Alhaji, da ɗan raguwar ƙarfi a hawa. Ka fara duba ko akwai wurin ɗura iskar a layin da motarka ke bi, in ba haka ba nauyin tukunya kawai za ka yi ta dako. Matsin iskar ya kai 200 a ma'aunin matsi na bar, don haka tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa ba ta shiga wannan zance. A je cibiyar da gwamnati ta amince da ita, a karɓi takardar tukunyar, kuma a riƙa tayar da motar da fetur.