Ba hannunka ne ya mutu ba, daga dutsen ƙanƙara wasan ke lalacewa

Salam ɗan'uwa. Wallahi da na ga tambayarka sai da na yi dariya ni kaɗai, don kamar ni na rubuta ta. Ka ce a wasan gem na Elden Ring, tun da ka kashe babban abokin gaba Morgott ka hau dutsen ƙanƙarar nan, Mountaintops of the Giants, komai ya dagule maka, duka biyu ka faɗi, kana tambaya ko kai ne ba ka iya ba, ko ka goge ka sake daga farko. Kada ka goge komai, don Allah. Wanda ya wuce manyan abokan gaba irin Radahn da Morgott ba za a ce bai iya riƙe hannun gem ba.

Ni a wani ƙauye nake gefen Ringim, wutar gwamnati sai dai mu ga waya a sama. Na'urar wasan, PS4, ma ta hannu ce, na sayo ta a Kano da kuɗin riɗin da na sayar. A shagon cajin waya na ɗan baffana nake jonawa bayan isha'i, ni ke sayen lita ɗaya ta fetur a zuba a janareta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa, duk mutuwa ɗaya a wasan nan a aljihuna nake jin ta. Shi ya sa ɓata lokacin da ke ƙarshen wasan yake min ciwo fiye da ɗan birni mai sola.

Dubi Limgrave da Liurnia, yankunan farkon wasan. Duk inda ka juya doki akwai kogo, ko kango, ko wani mutum mai labari. Amma kana hawa dutsen ƙanƙarar nan sai fili fetal kamar gona bayan an kwashe gero. Halittun da ka gama da su tun yankin Caelid, karnukan nan masu ƙaton kai da hankaki, su aka sake jibgo maka, an ƙara musu jini da ƙarfin duka kawai. Dabararsu ba ta canza ba, lamba ce aka ɗaga. Dodon nan Erdtree Avatar kuwa na daina ƙirga sau nawa na kashe shi. Dodon nan Astel da ya firgita ni a ƙarƙashin ƙasa, sai ga shi an sake ajiye min shi a wani rami a Consecrated Snowfield, wurin da ko kan dokinka da kyar kake gani, kamar ranar da hazon hunturu ya rufe gari. Ɗumame da safe daɗi ne da shi, amma ba a ba baƙo ɗumame a walima.

Fire Giant, ƙaton wutar da ke kan dutsen, shi ya kusa raba ni da wasan. Dare tara ina kansa. Ka bi shi a guje, ka samu ka sari ƙafar hagun nan mai ɗauri sau biyu, ya mirgina can nesa, ka sake bin sa. Rabin faɗan gudu ne, kuma idan ka matso ba abin da kake gani a allo sai gashin ƙafa. A dare na tara na kai shi zagaye na biyu, ya cire ƙafarsa, idon ƙirjin nan ya buɗe, jininsa ya rage bai fi faɗin farcena ba, ni kuma ina da kwalbar magani biyu. Yaran da ke leƙe ta taga har sun fara ihu. Sai ɗif! Ɗan baffan nawa ya kashe janareta. Wai ƙarfe sha ɗaya ta yi zai rufe shago. Man da ke ciki nawa ne fa, da kuɗina, ko rabi bai ci ba. Na ce masa Yaya, minti biyu kacal, ya ce shi bai ga abin da babba da gemu zai zauna yana faɗa da aljanin talabijin ba. A gaban yara ya faɗa. Washegari na tarar ya cinye sauran man da cajin wayoyin mutane, ya karɓi kuɗinsa, ko sannu. Da na kunna na'urar sai da ta daɗe tana duba ma'ajiyarta saboda kashewar ba-zata, gabana na faɗuwa. Sati biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu, sai da Inna ta sa baki. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Af, tun da na tuna: ka samu filashi ka riƙa kwafe sebin ɗinka, wato ajiyar inda ka tsaya a wasan, PS4 tana yarda.

Maganar duka biyu kuwa, duba Vigor ɗinka, makin da ke ƙara maka jini. In yana 30 ko 35 to nan matsalar take. Kai shi 40 ko ta halin ƙaƙa, in da hali 60, bayan nan ƙarin ba ya da wani yawa. In ka barbaza maki a wuraren banza, je wajen sarauniya Rennala da abin nan da ake kira Larval Tear ta sake maka rabo, ba sai ka goge wasa ba. Ka sa layar Flamedrake Talisman saboda wutar ƙaton. Kuma kada wani ya kunyata ka a kan kiran Mimic Tear, mataimakin nan mai kama da kai, wanda ake samu a birnin Nokron. Masu cewa sai ka yi shi kai kaɗai ba su suke saya maka fetur ba.

Gaba akwai Godskin Duo a Farum Azula. Mai ƙiba da siriri, waɗanda ka riga ka yi faɗa da kowannensu daban, aka haɗa su ɗaki guda da jini ɗaya, ka kashe ɗaya ya sake tasowa. Wannan ba tsara faɗa ba ne, cika wuri ne. Jefa musu tukunyar barci, dukansu barci na kama su, ka gama ka wuce. Sannan kafin ka kashe Maliketh, babban dodon Farum Azula, ka koma birnin Leyndell ka kwashe duk abin da ka bari, musamman mashin nan Bolt of Gransax, domin da ya faɗi birnin toka yake komawa. Ni ban sani ba, na yi asararsa.

Halin kamfanin da ya yi wasan ne fa. Wasansu Dark Souls na 2011 ma haka yake: har Anor Londo ba ka da abin cewa, amma Lost Izalith sai jan wuta mai kashe ido da dodanni iri ɗaya a jere, a ƙarshe dodanniyar nan Bed of Chaos ta share ka cikin rami. Kamar magini ne da ya ƙawata zaure, da ya zo ƙuryar gida siminti ya ƙare. Su da kansu sun gyara wani abu daga baya, a 2024 suka bari a hau Torrent, dokin nan, a faɗan Elden Beast, dodon ƙarshe na Elden Ring. Ni da ƙafa na yi ta bin sa kafin nan, har yatsana ya yi kanta.

Jarumar nan Malenia ba dole ba ce, ana gama wasan ba tare da ita ba. Duk sarar da ta yi maka jininta ƙaruwa yake, ko da garkuwa ka tare. Ni na bar ta sai bayan kaka, lokacin ina sa ran sayen ƙaramar sola ta kaina, in daina zuwa shagon mutumin nan. Turo min makamin da kake riƙewa da matakin da ka kai shi, in gani ko duwatsun ƙira na ƙara wa makami ƙarfi ne suka rage maka.