Ku Tambaya Mu Amsa: Wai NATO ta wa ce, kuma me ya haɗa ta da rikicinmu?

Tambaya daga wani direba a Kamba, jihar Kebbi:

Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne ina jigila tsakanin Kamba da Birnin Kebbi, rediyona kullum a kunne yake, kuma ba ranar banza da ba za a ce NATO ta yi kaza ko Amurka da Turai sun ce kaza ba. A majalisarmu ta tasha gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wasu na cewa NATO ɗin ga ita ta jawo muna 'yan bindiga tun ranar da anka kashe Gaddafi, wasu kuma na cewa in da gaske suke son haƙƙin ɗan Adam mi ya hana su zo su taimaka muna da Lakurawa. Don Allah a warware muna.

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya tsare hanya. Gardamar nan taku na sha zama cikin irinta a teburin mai shayi, kuma duk ɓangarorin biyu kowa ya kama wani gefe na gaskiya ya saki sauran.

Bari mu fara daga tushe. Ƙasashe 12 ne suka kafa NATO, wato ƙungiyar ƙawancen tsaro ta soja, a Washington ranar 4 ga Afrilu 1949, bayan yaƙin duniya na biyu ya bar Turai a kwance, kuma tsoron Tarayyar Sobiyet ne ya haɗa kansu ba wai ƙaunar juna ba. Amurka da Kanada daga can ƙetaren tekun Atlantika, Birtaniya da Faransa da Italiya da sauransu daga gefen Turai. Yau sun kai 32, Finlan ta shiga a 2023, Suwidin a 2024, dukansu biyu saboda ganin yadda Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022. Turkiyya ma tana ciki tun 1952, na faɗi wannan ne saboda masu rantsuwa cewa babu ƙasar Musulmi a ciki.

Toh abin da ke riƙe da ƙungiyar shi ne sashe na 5 na yarjejeniyarsu, wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Ka ɗauke shi kamar adashe, wanda baya zubi baya kwasa, mu kuwa Najeriya ba ma cikin adashen nan, yarjejeniyar ma ta shata iyakar inda alƙawarin yake aiki kuma iyakar ba ta biyo ta Augie ko Kangiwa ba. Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaga sashe na 5 ɗin, bayan harin 11 ga Satumba 2001, kuma babban yayan ne Amurka ya ci moriyarsa, daga nan suka ɗunguma Afganistan suka share shekara 20 suka fito a 2021 Taliban na zaune a Kabul. Don haka mai jiran NATO ta zo ta kori Lakurawa gara ya nemi wuri ya zauna.

Maganar Libiya kuwa, nan abokan gardamarka suna da hujja, amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. A Maris 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 da sunan kare farar hula, kuma wallahi Najeriya na cikin kwamitin a lokacin kuma ta ɗaga hannu ta amince, ita da Afirka ta Kudu da Gabon, yayin da Jamus wadda take 'yar NATO ta ƙi kaɗa ƙuri'a. Da wannan ƙudurin jiragen NATO suka shiga, aka ce kare mutane za a yi amma abin bai tsaya ba sai da aka kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba 2011, sannan kowa ya kama gabansa aka bar rumbunan makamai ba mai gadi. Mayaƙan Abzinawa da suka yi wa Gaddafi aiki suka koma Mali da kayan aikinsu, a 2012 Kidal da Gao da Timbuktu suka faɗi, wutar ta bi ta Burkina Faso da Nijar har hayaƙinta ya iso mana. Shi kansa Obama daga baya ya amsa cewa rashin shirya wa abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne kuskurensa mafi muni a mulki.

Amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Satar shanu, cinye burtali da makiyaya, 'yan sa kai da ke yanke hukunci a kasuwa, alƙalin da ke duba aljihu kafin ya duba gaskiya, zinaren Anka da Maru, duk wannan ba jirgin Bature ne ya sauke mana su ba. Libiya ta sa bindiga ta yi araha ne, fitinar kuwa dama tana nan a ƙasa.

Kuma kar ka ɗauka Amurka da Turai bakinsu ɗaya kullum. A 2003 Faransa da Jamus sun ƙi bin Amurka yaƙin Iraƙi, ga rigimar kuɗi da ba ta ƙarewa, a 2014 aka ce kowa ya riƙa kashe kashi 2 cikin 100 na arzikinsa kan tsaro, Trump ya yi ta masifa cewa Turawa na ci da gumin Amurka har a taron NATO na birnin Hague a 2025 aka ɗaga zuwa kashi 5. A Nijar ma kowa ta kansa ya yi, bayan juyin mulkin Yulin 2023 sojan Faransa suka fice a Disamba, Amurka ta ɗan lallaɓa ko za ta tsira da sansaninta na Agadas, ita ma a 2024 ta tattara. Abin da rufe boda ya yi wa kasuwar Kamba a lokacin kuwa kai za ka ba ni labari.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Argungu:

Malam ɗalibaina sun tambaye ni wai gaskiya ne Turawa sun taɓa hana Najeriya makamai saboda haƙƙin ɗan Adam? Ni dai ina ganin munafunci ne tunda ga Gaza.

Amsa:

Malama sannu da ƙoƙari. Eh an yi haka. Amurka na da wata doka da ake kira dokar Leahy, sunan sanatan da ya kawo ta, wadda ta hana taimaka wa duk rundunar da aka samu sahihin bayani tana take haƙƙin mutane. A 2014 ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra. Cinikin jiragen Super Tucano ma ya tsaya cak bayan jirgin sojanmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann da ke jihar Borno a Janairun 2017, sai da Trump ya hau aka sake shi, guda 12 suka iso a 2021 aka ajiye su a Kainji.

Zancen fuska biyu kuma ban musa miki ba. Kotun hukunta manyan laifuka da ke Hague, kusan duk ƙasashen Turai mambobi ne, Najeriya ma haka, Amurka kuwa ba ta ciki. Da kotun ta ba da sammacin kama Putin a Maris 2023 Washington ta yaba, da ta ba da na Netanyahu a Nuwamba 2024 sai ido ya yi ja, har Trump ya ƙaƙaba wa jami'anta takunkumi a 2025, Turawan kuma wasu suka ce za su mutunta sammacin wasu suka hau kame-kame.

Sai dai ni a wajena, munafuncin masu tuhumarmu kan haƙƙin ɗan Adam bai goge tuhumar ba. Waɗanda suka mutu a Rann sama da 100 ne kuma namu ne, na Tudun Biri a Kaduna da jirgin sojanmu marar matuƙi ya faɗa wa suna taron Mauludi a Disamba 2023 aƙalla 85 ne, su ma namu. Ki faɗa wa yaran labarin Cobra da na sammacin Hague, amma ki haɗa musu da sunayen garuruwan nan biyu.