Daga ina kalmar *etaną ta fito?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai koyon Jamusanci. Na ga an rubuta cewa "essen" na Jamusanci da "eat" na Ingilishi duk sun fito daga *etaną. Wane harshe ne wannan, kuma me tauraron nan yake nufi?

Amsa: 'Yata, tauraron na nufin ba a taɓa samun kalmar a rubuce ba. Masana ne suka gano ta ta hanyar kwatanta harsuna 'yan uwa. Harshen da ake jingina ta gare shi shi ne kakan Jamusanci, Ingilishi, harshen Holan da na Sikandinebiya, wanda aka yi magana da shi a arewacin Turai kafin haihuwar Annabi Isa. Ma'anarta kuwa "ci".

Kada ki ɗauka shaci-faɗi ne. Jera su ki gani: tsohon Ingilishi yana da etan, mutanen Holan suna cewa eten, tsohon harshen Sikandinebiya eta, Gotanci (wani tsohon harshe ɗan uwansu da ya mutu) kuma itan, kamar yadda yake a fassarar Baibul da wani malamin coci mai suna Wulfila ya yi a ƙarni na 4. A cikinsu Jamusanci ne kaɗai ya bauɗe da "ss", kuma haka yake yi wa tsohuwar "t" a irin wannan gurbi: water na Ingilishi, Wasser na Jamusanci, wato ruwa. Sauyin sauti yana bin ƙa'ida, kamar yadda "t" ɗinmu ke komawa "c" gaban "i": mota, motoci.

Ita kanta "t" ɗin a da "d" ce. Latin tana da edere, Sanskirit, tsohon harshen Indiya, admi. Jacob Grimm ya tsara wannan ƙa'ida a 1822, bayan Rasmus Rask ya hango ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne sigar shuɗaɗɗen lokaci. Sauran aikatau na ajinsa, aji na 5 cikin aikatau masu sauya wasali don nuna shuɗaɗɗen lokaci, suna ɗaukar gajeren "a", kamar *gab, ya bayar. Shi kuwa *ēt ne, da dogon wasali, jam'i *ētun. Har yau in Bajamushe ya ce aß, wato "ya ci", yana jan wasalin. Sigar "yana ci" kuma *itidi ce, domin "i" na baya ya jawo "e" ya zama "i". Daga nan "er isst" da kike haddacewa ya samo asali.

Da aka ɗora masa ɗafin *fra- sai aka sami "cinye", wato fressen na yau, da ake faɗa wa cin dabba.