Amsa ga mai fama da gajiya da rashin barci

Malam, ka ce kana wuni a shagonka na Kasuwar Dole da ke Damagaram, ka koma gida da ciwon kai da saurin fushi, barci kuma ya ƙi zuwa, kana tambayar abin da za ka gyara.

A ganina, ka fara duba shayin fada, wato wurin zaman hira da abokai. Shayin da ake dafawa a kan gawayi har ya yi kumfa yana ɗauke da sinadarin kafeyin, kamar goro, kuma kusan rabin abin da ka sha yana nan a jikinka bayan awa 5. Saboda haka kofin farko mai ɗaci da ake miƙo maka bayan sallar isha'i yana iya hana ka runtsawa har tsakar dare, alhali babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Kada ka ƙaurace wa fadar, domin hira da abokai tana rage nauyin zuciya, amma ka mayar da shayin zuwa hantsi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Tafiya da ƙafa bayan asuba ta wadatar, musamman a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, kuma ka riƙa shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama ka.

Idan ciwon kan ya ci gaba, ka je asibiti a duba ko hawan jini ne, kuma ka guji ƙwayoyin da masu talla ke yawo da su.