Kunun Dubiya da Ƙarin Ruwa

'Yata, na ga saƙonki. Kina tambaya ko akwai sauran amfanin kai fulas ɗin kunu asibiti tunda Kawunki yana kan ƙarin ruwa bayan aikin da aka yi masa, ko dai al'ada ce kawai. Na daɗe ina aikin jinya a Gombe, bari in gaya miki abin da na sani.

Ledar ruwan sukarin nan mai rabin lita da aka fi ratayawa, giram 25 ne na sukari a cikinta, kamar ƙaramin cokali shida. Ba ta wuce kalori 100 ba (ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki), alhali babban mutum yana bukatar kusan 2,000 a rana. Ledar ruwan gishiri kuwa babu kalori ko ɗaya a cikinta. Ruwa ake mayar wa jiki, ba tuwo ba.

Akwai cikakken abinci na jijiya, mai haɗe da sukari da mai da sinadaran gina jiki, wanda Dakta Stanley Dudrick ya tabbatar da amfaninsa a Amurka a 1968. Yana rage sha'awar ci, amma da yawa daga masu karɓarsa sai ki ji suna kukan yunwa. Dalili kuwa ba jini kaɗai ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi ba. Sai baki ya ɗanɗana, tumbi ya buɗe, hanji ya saki sinadaransa, sannan saƙo ya isa. Abin da ya bi ta jijiya ya tsallake duk waɗannan. Hanjin ma in ya daɗe ba ya aiki, fatar cikinsa takan yi rauni, shi ya sa likitoci ke ɗokin mayar da mutum ga ci da baki. Da iyayenmu ke murna ranar da mara lafiya ya nemi kunu da kansa, sun san abin da suka gani.

Amma ki ji ni da kyau: kada ki ba shi ko kurɓi ɗaya sai likita ya yarda. Na taɓa ganin wata dattijuwa ta ɓoye fura a mayafi ta ba ɗanta kwana ɗaya bayan aikin hanji, don tausayi. Kafin magariba ciki ya kumbura, ga amai, sai da aka zura masa roba ta hanci. Har yau ina tuna kukanta.

In an ba da izini, ki dama kunun tsamiya ruwa-ruwa, ki tace, ba yaji. Cokali uku ma ci ne. Kada ku taru a kansa da "daure ka shanye", ciwo da kansa yana kashe ɗanɗanon baki.

Kafin nan ki ci gaba da kaiwa. Goggonki da ke kwana kan tabarma a gefen gadonsa, wa ke dafa mata? Kunun dubiya tun asali rabinsa na mai jinya ne. Masar da ya ce yana marmari kuwa, ki ce masa tana nan sai an sallame shi.