Ciyawar gidana ta yi kwari da tudu, in zuba mata yashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da 'yar ciyawa a filin gidana nan Arkilla cikin Sakkwato, shekara 4 ke nan da munka dasa ta, kiri-kiri ce, tsawon wurin zai kai mita 10 faɗi mita 8. Ta kama sosai amma yanzu ƙasan duk ya zama kwari da tudu, in anka yi ruwa sai ya kwanta a wasu wurare, injin yanka kuma yana aske tudun har ƙasa ya bar kwarin. Mai yi min ban ruwa ya ce in sayo tifa ɗaya ta yashi a baje a kai magana ta ƙare. Shin hakan daidai ne, ko zai kashe min ciyawa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron naka bai yi ƙarya ba, da yashi ake daidaita ciyawar da ta riga ta kama, amma don Allah kada ka kira mai tifa tukuna, domin yadda ya faɗa ɗin nan, a juye a baje rana ɗaya, shi ne hanya mafi sauri ta binne ciyawar shekara 4. Ciyawa da ganyenta take cin rana, in ka rufe ganyen gaba ɗaya na kwanaki sai ta yi ɗorawa a ƙasa ta ruɓe, abin da zai fara leƙowa daga baya kuwa aya-aya ce da sauran ciyayin da ba ka gayyata ba. Aikin nan kaɗan-kaɗan ake yin shi, kuma a ƙasarmu ta Sakkwato ni ban yarda a zuba tsurar yashi ba, zan faɗi dalili.

Kafin komai ka zagaya filin ka gano me ya kawo kwarin. Sau da yawa in ka tambayi wanda ya yi aikin ginin za ka tarar nan ne anka haƙa ramin bututun ruwa ko hanyar da ta tafi sokawe anka maida ƙasa ba a daddaɓe ba, ko an binne ɓaraguzan bulo, ko an sare bishiya saiwarta ta ruɓe a ƙasa. Wani kuma sawun mota ne da anka faka bayan ruwan sama, wani turken ragon layya ne da ya yi sati biyu yana tattaka wuri ɗaya. Waɗannan duk masu sauƙi ne, an cika an gama. Wanda ke tada min hankali guda biyu ne, gara da yoyon ruwa. In wuri yana ta lotsawa duk da ana cika shi, ko kullum jiƙe yake ko ba a yi ban ruwa ba, ko ka soka rodi ka ji ya shige zuruf ba tare da ka danna ba, to tsaya, a tona a gani, musamman in kusa da sokawe ne, saboda yara na wasa a wurin. Yashi ba ya gyara fasasshen bututu.

To batun tsurar yashi. Mutane na ganin ana zuba shi a filayen ƙwallo na ƙasashen waje sai su ɗauka haka ake yi ko'ina, alhali waɗancan filayen tun asali a kan yashi anka gina su, kuma ruwa da taki ba sa yanke musu. Mu nan yawancin gidajen da ke kan tudu ƙasarsu ta riga ta zama jigawa, ruwa ba ya zama a cikinta, ga damina gajera, daga Yuni zuwa Satumba ne, ga rana da ke wuce maki 40 a Afrilu da Mayu. In ka ƙara tsurar yashi mai kauri a kwarin, wurin zai daidaita kam amma shi ne zai riƙa fara bushewa duk bazara, ka ga filinka ya yi dabbare-dabbare, nan kore can ruwan ƙasa, domin yashi ba ya riƙe ruwa ba ya riƙe taki. Shi ya sa nake cewa a haɗa, kwanon sarki 3 na yashi, 2 na ƙasa mai kyau irin ta gona, 1 na ruɓaɓɓen taki. Yashin shi ke sa haɗin ya zurara tsakanin ganye ya kuma zauna ba ya sake lotsawa, ƙasar da takin su ke riƙe laima. Wanda gidansa ke gefen fadama inda ƙasa laka ce mai tsagewa da rani, shi zai iya ƙara yawan yashin, amma ya fara sossoke filin da rodi mai tsini, ramuka kusa-kusa zurfin yatsa, don yashin ya shiga ciki, in ba haka ba zai zauna ne a sama kamar shimfiɗa saiwa ta ƙi ratsa lakar.

Wane yashi? Yashin gulbi wankakke mai matsakaicin ƙwaya, ba mai tsakuwa da ake zuba kankare da shi ba, don tsakuwar za ta ci bakin injin yankanka ko ta yi tsalle ta fasa gilashi, kuma ba rairayin nan mai laushi kamar gari da iska ke tarawa a gindin katanga ba, shi in ya sha ruwa daskarewa yake ya toshe ƙasa. Jar ƙasar cikon gini kuwa kada ma ta shigo gidan. In kana son gwadawa ɗebi hannu ɗaya ka zuba a gorar ruwa ka cika da ruwa ka girgiza ka ajiye, yashi mai kyau nan take zai kwanta ruwan ya washe, mai datti kuwa ruwan zai daɗe a gurɓace daga baya ka ga taɓo ya yi layi mai kauri a samansa. Kuma ko wane iri ka samu a tace shi da rariyar magina, domin yashin bakin gulbi na zuwa da 'ya'yan aya-aya, in ta shiga cikin kiri-kiri fitar da ita sai an sha wuya. Haka takin, ko na gida ne ko daga kasuwar Kara ka sayo, ya zama wanda ya kwana biyu ya yi baƙi ya huce ba wari, shi ma a tace. Ɗanyen kashin shanu ƙona ciyawa yake, ya jawo gara da gwazarma, ga irin ƙarangiya da ke ciki.

Lissafin naka ba wuya. Mita 10 sau 8 murabba'in mita 80 ke nan, in za a yi kaurin santimita 1 ko'ina abin da ake bukata bai kai kubik mita 1 ba, wajen baro 12 ne na haɗin gaba ɗaya, wato yashin ciki baro 6 kacal. Ka ga ina tifa a nan. Kuma ba ma ko'ina za a zuba ba, kwarin ne kawai.

Ranar aiki a fara yanke ciyawar ƙasa-ƙasa fiye da yadda anka saba, a sa manjagara a kwashe busasshen ganyen da ya taru a gindinta, in ba a kwashe ba haɗin zai hau kansa ne ya ƙi kai wa ƙasa. Sannan a samo katako miƙaƙƙe mai tsawon mita 2 ko 3 a riƙa kwantar da shi a filin ta kowace fuska, duk inda ka hango haske a ƙarƙashinsa kwari ne, sai a kafa ɗan tsinke. Da safe bayan ruwan sama ma za ka gane su, inda ruwa ya kwanta. Haɗin ya zama busasshe, ciyawar ma kada ta zama a jiƙe, jiƙaƙƙen yashi dunƙulewa yake ya manne a ganye. A riƙa ɗiba da shebur ana watsawa kamar mai barbaɗa ƙuli a tsire, sai a ja da bayan manjagara ko a ɗaura wa katakon igiya mutum ya ja shi gaba da baya, daga nan a bi da tsintsiyar kwakwa mai tauri ana sharewa har haɗin ya faɗa ƙasa kan ganyen ya miƙe ya fito. Ma'aunin shi ne wannan, in ka tsaya ka duba kore ya fi yashi yawa a idonka to daidai ne, in ka ga fili fari fat an yi yawa, a rage. Kada a wuce santimita 1 zuwa 1 da rabi a zubi ɗaya, kusan kaurin ɗan ƙaramin yatsanka. Bayan nan a yi ban ruwa da yayyafi, a sa yatsa a bakin tiyo, kada a saki ruwa da ƙarfi ya kwashe aikin.

Kiri-kiri na da kirki a nan, tana yaɗo ta sama tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, cikin sati 2 zuwa 3 za ka ga ta huda ta rufe wurin, sai a sake kwantar da katako, inda bai cika ba a ƙara wani zubin. Kwari mai zurfin santimita 3 ko 4 zai ci zubi uku, wata biyu ke nan ko fiye, haƙuri kawai. Masu ciyawar kafet mai faɗin ganye su ƙara sassautawa, ita ta sama kawai take yaɗo, in an binne ta ba ta da wata saiwar ajiya da za ta taso da ita.

In kwarin ya wuce santimita 5 kuwa barbaɗe ɓata lokaci ne. A jiƙa wurin da dare kafin ranar aikin, a sa shebur mai kaifi a tsaga ciyawar gicciye, a shiga ƙarƙashinta da kaurin yatsu uku a ɗaga kowane ɓangare a naɗe shi baya ba tare da an tsinke ba, a cika ramin da ƙasa ana takawa da ƙafa, a bar shi ya ɗan fi gefe tudu kaɗan don zai zauna, a maida ciyawar a danna, a cika tsagar da haɗin nan a ba ta ruwa kullum na sati guda. Tudun ma haka ake masa, a ɗaga ciyawar a rage ƙasar da ke ƙasa a maida. Wasu sai su ce za su cika duk filin har ya kamo tudun, alhali aske tudu biyu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Lokaci kuma shi ne rabin aikin. A yi shi sadda ciyawa ke cikin ƙarfinta, wato in damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, yadda kafin manyan ruwan Agusta ta riga ta kama haɗin ba zai wanke ba. Farkon Satumba ma ya yi, mai rijiyar burtsatse zai iya kaiwa Oktoba. Da hunturu ciyawa ba ta sauri, yashin zai daɗe a fili iska na kwasa. Maris zuwa Mayu kuwa kada ka kuskura, yashin da kai ba ka iya takawa ba takalmi da azahar, shi za ka kwantar a wuyan ciyawa ya dafa ta. In kana da takin zamani NPK 15-15-15, kilo 2 ya ishi filin naka, a watsa sati ɗaya kafin aikin a bi da ruwa nan take don ta taso da ƙarfi.

Abu ɗaya da zan roƙe ka Alhaji, wajen neman fili ya yi lebur kada a kashe gangaren. Ya kamata ƙasa ta riƙa sauka daga jikin gini zuwa waje, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, kuma kada ciko ya hau jikin bango ko ya toshe bakin magudanar da ke fitar da ruwa ta katanga, in ba haka ba ruwan da ke kwanciya a tsakiyar ciyawa yanzu gindin ɗakinka zai koma. Ka sa yaron ya ja igiya daga bango zuwa bakin magudanar kafin a zuba ko shebur ɗaya, da ita za a riƙa auna kowane zubi.