Shin ƙasa mai tasowa za ta iya riƙe babbar tashar nukiliya lafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jin labarin Masar da Bangaladash suna gina manyan tashoshin lantarki na nukiliya, kuma an ce Najeriya ma tana da niyya. Ƙasar da ba ta gama da matsalar taransifoma ba, anya wannan ba ganganci ba ne? Ba za ta fashe kamar bam ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara cire maka fargabar bam. Yuraniyom, wato makamashin da ake sa wa tukunyar da ke samar da zafi a tashar lantarki, ba a tace shi fiye da kashi 5 cikin ɗari, na bam kuwa yana kaiwa wajen kashi 90, don haka tukunyar ba za ta yi irin waccan fashewa ba. Kuma a garinku akwai ƙaramar tukunyar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, tana aiki tun 2004, sai dai ƙarfinta wajen kilowat 30 ne kacal. Afirka ta Kudu kuwa tana tafiyar da tashar Koeberg, kusa da birnin Cape Town, tun 1984. Talaucin ƙasa shi kaɗai bai hana ba.

Haɗarin gaske zafi ne. Ko an kashe tukunya, makamashin da ke cikinta ba ya hucewa nan take, kamar garwashin da aka janye wa itace. A daƙiƙun farko tana fitar da wajen kashi 6 cikin ɗari na zafin da take bayarwa lokacin aiki, sannan ya riƙa raguwa a hankali tsawon kwanaki da makonni. Dole famfuna su ci gaba da zagaya ruwa, famfuna kuma lantarki suke sha. Abin da ya faru a Fukushima ta Japan a watan Maris na 2011 ke nan: girgizar ƙasa ta katse wutar waje, tukwane sun kashe kansu yadda aka tsara, sai igiyar teku ta shanye janaretocin ko-ta-kwana. Tukwane uku suka narke.

A nan ne maganarka ta taransifoma ta yi daidai, fiye ma da yadda ka zata. Tashar nukiliya tana ba babban layin wuta na ƙasa, amma ita ma tana jingine da shi. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada tukunya ɗaya ta wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin layin gaba ɗaya, domin in ta tsaya ba zato kada ta ja ƙasar duka cikin duhu. Tukwanen da kamfanin Rosatom na Rasha ke ginawa a El Dabaa ta Masar, guda huɗu, da Rooppur ta Bangaladash, guda biyu, kowace megawat 1,200 ce. Abin da layin Najeriya ke rarrabawa yawanci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000, kuma yakan durƙushe sau da dama a shekara guda. Tukunya ɗaya irin wannan za ta kai kusan rubu'in wutar ƙasar. Kowace durƙushewa kuma tana nufin rayuwar tashar ta koma kan janareta. Ni dai ba zan sa hannu a kan wannan ba sai an gyara layin tukuna.

Abu na biyu da ya fi ƙarfe da siminti damuna shi ne hukumar sa ido. Shin jami'inta zai iya ce wa minista a rufe tasha yau, kuma a rufe? Japan ba matalauciya ba ce, amma a lokacin bala'in Fukushima, a 2011, hukumar da ke duba tashoshinta tana ƙarƙashin ma'aikatar da ke tallata nukiliya, kuma kwamitin da majalisarsu ta kafa ya yanke cewa hannun mutum ne ya jawo bala'in. A Koriya ta Kudu, a 2012 da 2013, an gano takardun ingancin kayan gyara na jabu, aka tsayar da tukwane don a canza su. Wanda ya san yadda kwangila ke tafiya a wurarenmu ya san me ya sa wannan labari ke hana ni barci. Najeriya tana da hukumar, NNRA, tun 2001, amma sa ido kan na'urorin asibiti da na kamfanonin mai daban yake da sa ido kan tukunyar megawat dubu.

Sai kuɗi. Masar ta karɓi bashin dala biliyan 25 daga Rasha. Filifin ta kammala tashar Bataan a 1984, ba a taɓa kunna ta ba, amma sai 2007 aka gama biyan bashinta. Ƙasar da bashi ya danne, kuɗin gyara da horar da ma'aikata ne ake fara yanke wa, sabuwar tashar nukiliya kuma ana gina ta ne don ta yi shekara 60, ban da dattin makamashin da za a tsare bayanta.

An ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da Najeriya ke dubawa. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya tana ƙiyasta shekara 10 zuwa 15 daga yanke shawara zuwa kunna tashar farko. In ka ji an sake tayar da maganar, Malam, tambayi megawat nawa layin ƙasa ke ɗauka a lokacin, kuma wa ke biyan albashin mai sa ido.